Durƙuson Sadiku

Asabar, bayan isha'i, Taman Melati, Malesiya

Yau na kalli fim ɗin barkwancin da Sadiku ɗan Kawu ya shirya a kwalejinsu. Ashe zamammen wandon nan da sarƙar da nake ta yi masa faɗa a kansu kayan wasan kwaikwayo ne! Ya fito a mawaƙin rap, wai ƙasurgumin ɗan daba, yana zare ido. Sai wayarsa ta yi ƙara. Yana ganin mahaifiyarsa ce ya durƙusa a tsakiyar titi: "Hajiya, ina wuni?" 'Yan Malesiya suka yi dariya, ni kuwa har da hawaye. Wallahi yaron nan gwani ne.

Da muka fito ya ce, "Yaya, ya yi? Boleh?" Na ce boleh, wato "ya yi" a yaren Malesiya.

Allah ya taimake ni ban tura wa Kawu saƙon ƙararsa da na rubuta ba. Yanzu na goge shi.