Tiyon da Ƙanena Ya Ƙi Ɗaura wa Jirgin Alhazai

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin jirgin da ya yi jigilar alhazan Tsafe da Bunguɗu a bana.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan an gama aikin jigila lafiya, ranka ya daɗe, ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a Gusau, kuma yayar Injiniya Sanusi ce, ma'aikacinku da kuka dakatar. Na rubuto muku sau biyu ta gidan waya. Ina kyautata zaton wasiƙun suna kan hanya, shi ya sa na ba jarida wannan, don ta fi sauri.

Ni ba injiniya ba ce. Abin da zan faɗa na samo shi ne daga takardar dakatarwar da kuka sa wa hannu, da bakin Sanusi, da bakin mahaifiyarmu, wadda tana cikin alhazan.

Na ɗaya. Ranar da ya kamata jirgin ya tashi daga Sakkwato, an ga tiyon da ke kai mai zuwa birkin ƙafar jirgin yana yoyo. Aka kawo sabo daga sito. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, bakinsa ya zauna daram. Sai dai lambar da ke jikinsa ba ita ce a littafin masu ƙera jirgin ba, kuma ya zo ba tare da takardar da ke nuna inda aka yi shi da irin ƙarfin da zai iya ɗauka ba. Sanusi ya ce ba zai ɗaura ba, ba zai sa hannu ba. Shugabansa ya ce masa, “Ai ya shiga.” Sanusi ya ce ya ga ya shiga.

Wannan hujjar na san ta. A tashar Gusau direba yakan naɗe tsohon ƙarfe a tsumma, ya je kasuwa ya jera shi da sabo, in sun yi kama ya saya. Da haka muke zuwa Tsafe muna dawowa, kuma ba na raina ta. In abin ya ƙi, sai mota ta tsaya a gefen hanya, fasinja su sauka su sha rake, direba ya shiga ƙarƙashi. Ban taɓa hawa jirgi ba, amma an ce mini tsarin can ya ɗan bambanta.

Na biyu. Tiyon da ya dace ya ɗauki kwana uku kafin ya iso. Kun san dalili: ba ku ajiye shi ba. Takardarku ba ta ambaci wannan ba. Ta ce Sanusi ya jawo jinkiri da rashin haɗin kai. Na karanta ta sau uku ina neman inda ta ce tiyon farko daidai ne, ban samu ba. Da ya kasance daidai, da kun sa wani injiniyan ya sa hannu, kuna da su. Babu wanda ya sa.

Na uku, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. A rana ta biyu, da alhazai suka fara hayaniya a sansani, jami'inku ya ɗauki lasifika. Yana iya cewa ana gyara. Yana iya cewa kayan gyara ba su iso ba. Abin da ya ce shi ne jirgi lafiya lau yake, wani injiniya ne ya ƙi sa hannu. Ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan mahaifinmu, sannan ya ƙara da cewa, “Ɗan garinku ne ma, mutanen Tsafe, sai ku roƙe shi.”

Ranka ya daɗe, wataƙila a birninku suna ba ya da nauyi haka. Inna tana zaune a kan tabarma cikin matan da ta yi shekara arba'in tana zuwa bikinsu da ta'aziyyarsu. Wata maƙwabciyarta ta juyo ta ce, “Ashe ɗanki ne ya tsare mu wuringa?” Wata ta ce boko ne ya ci shi, har yana tsaya wa baƙin Allah a hanya. Da aka kawo abinci, kowa ta ja kwanonta gefe. Inna ba ta san tiyo ba. Ta ce musu dai tun yana yaro in ya ce a'a, sai an bar shi. Sannan ta aika a ce masa, don girman Allah, ya sa hannun. Ya aiko a ce mata ita ce dalili na farko da ba zai sa ba. Ta gaya mini ba ta fahimci saƙon ba sai da suka sauka, ta ji ƙafar jirgin ta daki ƙasa, ƙaton abin nan yana gudu kamar ba zai tsaya ba, sannan ya tsaya.

Na huɗu. A cikin kwanakin jiran, wani dattijo daga 'Yankuzo, Malam Ɗanjuma, ya kwanta zazzaɓi, likita ya hana shi tafiya. Bai yi Hajjin bana ba, kuma shekarunsa ba na masu cewa baɗi ba ne. 'Ya'yansa ba su san hanyar ofishinku ba. Sun san ƙofar gidanmu, domin jami'inku ya yi musu kwatance. Sun zo, ba su yi zagi ba, sun zauna a zaure sun tambayi mahaifinmu me tsohonsu ya yi wa ɗansa. Ni na fito da littafin Sanusi na masu ƙera jirgin ina nuna musu lambar tiyon, suka saurare ni cikin ladabi, kamar yadda ɗalibaina ke yi in ba su yarda ba.

Yanzu a Tsafe sunansa Sanusi Hana-Makka. Kun san yadda laƙabi yake a wurinmu: ba ya mutuwa da mai shi, jikoki ne ke gado. Da Inna ta dawo, gida ya cika da masu barka da zuwa, ɗanta bai zo ba. Ya tsaya a gidana a Gusau, na kai masa dabino da zamzam a leda.

Ga abin da nake roƙo.

Ku janye dakatarwar, ku mayar da shi aikinsa. In kun ga ya yi laifi, ku rubuta sunan laifin, ku rubuta kuma cewa tiyon farko ya dace da jirgin, wani a cikinku ya sa hannu a ƙasa.

Ku yi sanarwa a rediyo, da Hausa, ranar kasuwar Tsafe, cewa jinkirin daga sitonku ne. Wasiƙar Turanci a cikin fayil ba za ta yi ba. Da lasifika aka ɓata shi.

Ku aika mutum, babba, ya je 'Yankuzo ya gaida Malam Ɗanjuma, ya gaya masa gaskiya. Sanusi ya so zuwa da kansa, Baba ya hana.

Ba na neman a hukunta mai lasifikar. Mutum ne da jama'a suka taso masa, ya miƙa musu abin da ke kusa.

Allah Ya ƙara wa kamfaninku albarka, Ya kare jiragenku a sama da ƙasa. Kai kuma, ranka ya daɗe, duk jirgin da za ka hau, kai da iyalanka, Allah Ya sa wanda ya duba shi ya kasance mai taurin kai ne, marar haɗin kai.

Wassalam.

Malama Hadiza,
Gusau.