Ƙorafi Kan Motar da Aka Ƙara wa Shekara Hamsin

Zuwa ga:
Mai girma Babban Darakta,
Hukumar Rajista da Duba Ababen Hawa,
Babban Ofishi, Hawa na Biyu.

Daga:
Mai gyaran agogo,
Rumfa ta 14, Layin Masu Gyara,
Babbar Kasuwa.

Litinin, 27 ga Mayu, 2024.

Game da: Kuskuren shekarar ƙira a takardun ƙaramar motar da na saya wa 'yata, da roƙon a gyara kafin ranar 28 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ni mai gyaran agogo ne, shekarata ashirin da shida a rumfar da na ambata a sama, kuma ban taɓa rubuta wa wata hukuma takarda ba sai yau. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka idan an ga wata kalma ta zauna inda ba wurinta ba, a yi mini afuwa. Akawun taga ta uku ne ya ba ni shawarar in rubuto maka kai tsaye, ya ce su dai a ƙasa sun yi iyakar abin da za su iya. Ga yadda abin ya faru, daki-daki.

1. Ranar Alhamis, 7 ga Maris, na sayi wata ƙaramar mota ta hannu, mai ƙofa biyu, a wurin wani dillali. An ƙera ta a shekarar 2015, wato shekararta tara ke nan. Sai dai masu ƙirar sun yi mata fasalin motocin da: fitilunta kewayayyu kamar idon mujiya, bayanta a dunƙule, ga ƙarfe mai walƙiya a gaba da baya, launinta ruwan madara. Ranar da ta shigo layinmu ƙannen 'yata suka sa mata suna Kaka. A lokacin dariya muka yi.

2. Ba don kwalliya na saye ta ba. 'Yata ta fari, mai shekara ashirin da huɗu, ƙafarta ta hagu ta shanye tun tana ƙarama, da sanda take tafiya. Ta yi karatun gwajin jini, kuma wani asibiti da ke can bayan gari ya ɗauke ta aiki daga 1 ga Afrilu, da sharaɗin za a gwada ta na wata uku, kullum ƙarfe bakwai na safe ta kasance a bakin aiki. Mota goma sha ɗaya muka duba ni da ita. Wannan ce kaɗai take canja giya da kanta, ba ta buƙatar ƙafar hagu, kuma kujerarta a ƙasa take, ƙofarta mai faɗi, yarinyar tana iya shiga ta ja sandarta ba tare da wani ya kama ta ba. Tana da lasisinta na tuƙi. Duk abin da na tara a rumfar nan shi na zuba a wannan mota.

3. Ranar Talata, 12 ga Maris, na kai motar filin dubawa na wannan hukuma. Jami'in da ya duba ta dattijo ne mai furfura, mai fara'a. Yana ganin ta ya taso daga kujerarsa yana murmushi, ya kewaye ta sau biyu yana shafa fitilun, ya kira abokan aikinsa su zo su ga irin motar da shugaban makarantarsu yake hawa suna yara. Na nuna masa ɗan allon ƙarfen da ke jikin ƙofar direba, inda aka buga shekarar ƙira. Ya dafa ƙugunsa ya ce bayansa ba ya son sunkuyo, kuma shi ya san wannan mota tun kafin a haife ni. Ya cike takardarsa a kan murfin inji, ya ce ya sa ni a layin da zai fi mini sauƙi, tun da na riƙe tsohuwar amana da kyau haka. Na ɗauka wasa yake yi. Na yi masa godiya.

4. A nan dole in faɗi nawa laifin. Na sa hannu a takardar ban karanta ba. Rubutun ƙanana ne, akwai mutane a bayana suna jira, kuma na ji nauyin in tsaya ina bin aikin dattijo da yatsa a gaban yaransa. Ni da kullum nake gaya wa masu kawo mini agogo cewa ba a sanin shekarunsa daga fuska sai an buɗe bayansa, ni ne na yi wannan. Ranar Litinin, 25 ga Maris, aka ba ni takardu da lamba mai launin ƙasa. Na ga launin ya bambanta da na maƙwabtana, na zaci sabon yayi ne.

5. Kwana goma sha biyu na aiki 'yata ta yi tana kai kanta asibiti tana dawowa. Ranar Laraba, 17 ga Afrilu, da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, jami'an hanya suka tsayar da ita a babban shataletale. A wurinsu muka fara jin cewa an rubuta motar a matsayin ƙirar 1965, a rukunin motocin tarihi, kuma irin wannan rukuni ba ya hawa titi sai Asabar da Lahadi. Sun yi mata mutunci, ba su ƙwace motar ba, amma sun rubuta gargaɗi, sun ce idan aka sake ganin ta a titi ranar aiki za a kai ta ma'ajiya. Ɗaya daga cikinsu ne ya rako ta gida. Tun ranar motar tana ƙofar gida a lulluɓe da tampol.

6. Washegari, 18 ga Afrilu, na je taga ta uku da takardar ciniki wadda ta nuna 2015 ɓaro-ɓaro. Akawu ya duba, ya yarda kuskure ne, har ya yi dariya ya nuna wa na kusa da shi. Amma ya ce a ƙa'idar hukuma takardar jami'in dubawa ta fi ta dillali ƙarfi, kuma ba mai gyara ta sai wanda ya rubuta ta. Da na nemi ganin dattijon, sai aka ce ya yi ritaya tun 29 ga Maris.

7. Na yi cigiya har na gano gidansa. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni ruwa, da na nuna masa hoton allon ƙarfen sai ya cire tabaransa ya amsa cewa kuskurensa ne. Ranar Talata, 23 ga Afrilu, shi da kansa ya sa rigarsa ya biyo ni ofis da ciwon bayan nasa. Tsofaffin yaransa suka tashi suka ba shi kujera, suna ta ranka ya daɗe, sannan suka gaya masa cewa sa hannunsa ya daina aiki tun ranar da ya miƙa hatimi. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri. Ina roƙo, duk abin da za a yi, kada a taɓa wannan bawan Allah ko haƙƙinsa na ritaya. Alheri ya nufa.

8. Ranar Litinin, 6 ga Mayu, aka ce mini hanya ɗaya ta rage, wato a sake duba motar daga farko. Filin dubawa yana buɗewa daga Litinin zuwa Juma'a. Motata ba ta da izinin fita daga Litinin zuwa Juma'a. Ranakun da take da izinin fita, filin a rufe yake da kwaɗo. Na faɗa wa akawu haka, ya ɗaga hannuwansa biyu ya ce shi ma ya gani.

9. Sai wani maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce in ɗauki hayar janwe, wato motar ɗaukar motoci. Ranar Talata, 14 ga Mayu, aka ɗora motar a bayan janwe har ƙofar filin. Jami'in ƙofa ya ce ba a shiga da mota a goye, dole ta shigo da ƙafarta, domin dubawa tana farawa ne daga titin gaban ƙofa, inda ake ganin tashinta da kamun birkinta. Na ce to a sauke ta a nan in tuƙa. Jami'an hanya kuwa suna da rumfa a daidai wannan wuri, ƙarƙashin bishiya, kuma babbansu ya gaya mini cikin ladabi cewa titin nan na gwamnati ne, idan injin ya tashi a kansa ranar Talata, gargaɗi na biyu ke nan, ma'ajiya za ta. Na roƙa a bar ni in tura ta da hannu, jami'in ƙofa ya ce turawa ba tuƙi ba ce. Ranka ya daɗe, na auna wurin da ƙafata. Daga inda janwe ya tsaya zuwa cikin filin taku ashirin da biyu ne. Awa uku na yi ina kai da kawo tsakanin rumfar da ƙofar, kowannensu yana tausaya mini, kowannensu yana nuna mini ɗan'uwansa. Daga ƙarshe mai janwe ya ce yana da wani aiki, muka mayar da ita gida yadda muka kawo ta.

10. Na koma wurin dillali ko zai karɓi kayansa ya musanya mini. Ya ce shi 'yar shekara tara ya sayar mini, ba zai karɓi tsohuwa mai shekara hamsin da tara ba. Wani mai tara tsofaffin motoci ya ji labari ya zo, yana buɗe murfin inji ya rufe, ya ce wannan ai jikarsa ma ta girme ta. Ga hukuma ta tsufa da hawa titi, ga masu saye kuma ba ta tsufa ba. Ba na iya hawanta, ba na iya sayar da ita, ba na iya mayar da ita.

11. Abin da ya fi damuna shi ne halin da yarinyar take ciki. Yanzu bas biyu take hawa, kuma tsakaninsu akwai gadar sama mai matakala arba'in da huɗu a hawa, arba'in da huɗu a sauka. Direbobi da yawa in sun hango sanda sai su wuce, wai tana ɓata musu lokaci wurin hawa. Kullum ina raka ta tashar farko, in tallafe ta ta taka matakalar bas a gaban jama'a. Mace ce babba mai aikin yi, ba ta kallon fuskata idan ina ɗaga ta. A tasha ta biyu ba ni nan, ban san wanda yake taimaka mata ba, ko ma akwai. Hammatarta ta yi kanta saboda sanda, mahaifiyarta ce take gasa mata da ruwan ɗumi idan ta dawo.

12. An ba ta takardar gargaɗi kan makara sau biyu, ranar 30 ga Afrilu da ranar 16 ga Mayu. Shugabar sashensu ta ce ba ta da abin cewa game da aikinta, amma masu zuwa gwajin jini da sassafe ba su ci komai ba, ba a barin su suna jira, kuma ƙa'ida ita ce makara ta uku a lokacin gwaji tana nufin sallama. Wa'adin gwajin zai cika ranar Juma'a, 28 ga Yuni. Shekara biyu ta yi tana neman wannan aiki. Wurare huɗu sun kira ta, suna ganin sandar suka ce za su neme ta.

13. Ranar Asabar da ta wuce mahaifiyarta tana gyara mata jaka ta ga takardar ajiye aiki, an rubuta an sa hannu, wurin kwanan wata ne kawai babu komai. Da na tambaye ta, ta ce gara ta fita da kanta da a ce an kore ta, domin wanda aka kora ba ya samun takardar shaida mai kyau. Na roƙe ta ta dakata, na ce mata maganar tana gaban manya, gobe ko jibi za a gyara. Tun 18 ga Afrilu nake faɗa mata haka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon alfarmar ɗaya daga cikin waɗannan, duk wanda ya fi sauƙi ga hukuma:

(a) A ba ni takardar izini ta safiya ɗaya, mai hatiminka, wadda zan nuna wa jami'an hanya in tuƙa motar zuwa filin dubawa.

(b) Ko a turo jami'i ɗaya gidana ya sunkuya ya karanta allon ƙarfen. Ba zai ɗauke shi minti biyu ba. Zan zo in raka shi, in dawo da shi.

(c) Ko a buɗe filin ranar wata Asabar na rabin awa. Na yi magana da mai gadi, ya ce shi yana nan kullum, umarni kawai yake jira.

Ba na neman a mayar mini da komai, ba na neman a hukunta kowa. Na haɗa kwafin takardar ciniki, da hoton allon ƙarfe, da gargaɗin jami'an hanya, da lasisin 'yata, da takardun gargaɗi biyu na asibiti, da wasiƙar hannu daga jami'in da ya yi ritaya inda ya amsa cewa kuskurensa ne. Ana samuna a rumfa daga ƙarfe takwas zuwa biyar, in ba na nan maƙwabcina mai rediyo zai karɓi saƙo.

Idan kuwa duk cikin ukun nan babu mai yiwuwa kafin 28 ga Yuni, to ina roƙo da girman Allah a rubuto mini a faɗa mini a fili. Zan karɓa, ba zan sake damun kowa a taga ta uku ba. Ina so ne kawai in san abin da zan gaya wa yarinyar nan, in daina ce mata gobe alhali ban sani ba, ta samu ta sa kwanan wata a takardarta da hannunta tun ba a riga ta ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama aikinka cikin mutunci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mai gyaran agogo, Rumfa ta 14,
mahaifin mai motar.