Ɗakin Mai Taga da Ya Ɓace Tsakanin Juma'a da La'asar

Zuwa ga Mai Girma Darekta,
Kamfanin shirya tafiyar Umra da yawon buɗe ido da ke Dapoya, Wagadugu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce min kana taro, shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai karanta. Ban kama sunan kamfanin ba domin gyara nake nema, kai kuwa ka san kanka.

Ni ne Alhaji Ɗanjuma mai shadda, mazaunin Zongo. Shekara arba'in da ɗaya ina sayar da shadda da atamfa a garin nan. Na ɗauka babu irin cinikin da ban gani ba, sai da na shigo ofishinka. Wallahi har yanzu da nake rubutun nan mamaki bai sake ni ba.

Bari in fara da dalilin zuwana, don ka san nauyin abin. Mai ɗakina, Hajiya Rabi, tana fama da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ke ɗan taɓukawa, ya fi yi mata aiki da sanyin safiya kafin rana ta yi ƙarfi. Likita ya kira ni gefe ya ce in akwai abin da take son gani a duniya, kada a jinkirta. Na tambaye ta, ta ce Bahar Maliya. Kakanta ya tafi Makka a ƙafa ta Sudan, ya ƙetare ruwan nan a jirgin katako, tun tana yarinya take jin labarin a bakin mahaifinta. Da muka je Hajji ta sama muka bi, tana kujerar tsakiya, ko ɗigon ruwa ba ta gani ba. Shekara talatin da takwas muna tare, matar nan ba ta taɓa roƙona abin da ya wuce kuɗin cefane ba.

Sai ga tallarku ta shigo wayata: Umra, sannan kwana huɗu a jirgin ruwa daga Jidda, da rangwamen kashi talatin cikin ɗari na mako guda, abin da kuke kira furomo. Na ce Allah ne ya kawo.

Ranar Litinin na hau babur na zo. Ma'aikaciyarku mai farin tabarau ta karɓe ni da mutunci, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta nuna min ɗakuna iri uku a na'ura: mai baranda, mai taga, da na ciki wanda babu ko ƙofar iska. Mai baranda ya fi ƙarfina. Mai taga, na mutum biyu, sefa dubu ɗari shida, ban da kuɗin Umra. Na taya dubu ɗari huɗu da hamsin. Ta yi dariya ta ce, "Laji, nan ba a tayi, mashin ce ke faɗin kuɗi." Ni ma na yi dariya, domin kowane mai kaya yana da abin da yake fakewa da shi, ni da kaina nakan ce ba haka na saro ba. Na ciro dubu ɗari in bayar a matsayin kafin alƙalami, na ce a ajiye min mai taga. Ta ce, "Ba matsala, Laji, riƙe kuɗinka, furomon na nan har Asabar." Na biya na Umra, na bar fasfo biyu. Sannan na yi abin da duk ɗan kasuwa ke yi, na miƙe na gyara hula, na nufi ƙofa a hankali ina jiran a ce, "Dawo, kawo kuɗin." Har na tada babur babu wanda ya kira ni.

A nan zan faɗi laifina da bakina, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Lissafin kasuwa na yi. Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a hannun masu lambun Tanghin ya san na yamma ya fi na safe araha, domin ba mai son komawa gida da kaya. Na ce ɗakin jirgi ma ai haka yake, in jirgi ya tashi da shi wayam asara ce, to bari ranar rufe furomo ta matso su sauko. Maƙwabcin rumfata, Alhaji Bala mutumin Kano, ya ƙara min ƙarfi. Ya ce, "Kai dai ja su, Alhaji. In ka nuna kana so, ka sayi tsada."

Ranar Laraba na leƙa. Ɗakin nan dai, jirgin nan dai, ya koma dubu ɗari bakwai da tamanin. Na cire tabarau na goge na sake dubawa. A bayan ma'aikaciyar kuwa takardarku na nan manne a bango, tana cewa rangwamen kashi talatin. Na tambaya, ta ce rangwamen yana nan, asalin kuɗin ne ya hau saboda ɗakuna suna ƙarewa. Na riƙe baki. A kasuwarmu in mutum ya ɗaga kuɗin kaya da safe don ya rage da yamma ya kira shi rangwame, akwai sunan da muke kiransa da shi, ba zan rubuta a nan ba. Na ɗauka barazana ce irin ta ciniki, na sake tafiya.

Kwana biyu hankalina bai kwanta ba. Ranar Juma'a ana sallamewa na taho da dubu ɗari takwas a aljihu, na haƙura da tayi. Ta duba ta ce miliyan ɗaya babu dubu hamsin, kuma masu taga biyu suka rage. Na ce ta ba ni lokaci in je rumfa in ciko, ta ce in yi sauri. Ni da ban taɓa gudu a titi ba, ran nan har wani mai taksi ya zage ni da Mosanci, yaren mutanen garin nan. Na dawo ana shirin kiran la'asar, ko awa guda ban yi ba. Ta juya na'urar ta nuna min, babu ko ɗaya. Na ce wa ya shigo bayana? Ta ce ba wanda ya shigo, wasu ne a wata ƙasa suka saya ta waya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe duk kwanakin nan ina ja-in-ja ne da mutanen da ban san suna kasuwar ba. Na zauna a kujerarku, ta kawo min ruwa. Abin da ya rage shi ne ɗakin ciki marar taga, dubu ɗari shida da hamsin. Ka duba da kyau, ranka ya daɗe: marar taga ranar Juma'a ya fi mai taga ranar Litinin tsada da dubu hamsin. Na biya, domin ta ce shi ma yana gab da ƙarewa, kuma na riga na shaida wa Hajiya an gama magana. Garin neman ƙiba na samo rama.

Da a nan abin ya tsaya, da na rungumi ƙaddara na yi shiru. Amma bayan rufe furomo da kwana shida, Alhaji Bala ya miƙo min wayarsa a rumfa, ga sabuwar tallarku: ɗakuna masu taga, jirgin nan, ranar nan, dubu ɗari bakwai. Na ce ƙarya ne, na gani da idona sun ƙare. Na garzayo. Aka ce wata ƙungiya ce ta kama ɗakuna da yawa ba ta biya ba, aka sako su. Na ce alhamdu lillahi, ga cikon dubu hamsin, a canza min. Aka ce tikitin furomo ba a canza shi, ba a mayar da kuɗinsa, in ina son mai taga sai in sake biya daga farko, na baya ya bi ruwa. Aka nuno min wasu ƙananan layuka na Faransanci a bayan rasiɗi, waɗanda ko mai ido biyu sai ya matso da su hanci.

Ga ƙorafina a fili.

Na ɗaya, kalmar "ba matsala". A wurinmu in mai saye ya ce a ajiye masa, mai kaya ya amsa, magana ta ƙare. Na sha ajiye wa mutum turmin shadda wata guda a kan baki kawai, wani ya zo da ƙari in ce albarka, an riga ka. Ma'aikaciyarka ta ga kuɗi a hannuna ta ce in mayar. Da ta ce min furomo ne zai kai Asabar, farashi da ɗaki ba su da tabbas ko na awa guda, da ban fita ofishin nan ba sai da rasiɗi.

Na biyu, rangwamen da ba a san daga ina aka rage shi ba. Kashi talatin na nawa? Na Litinin, na Laraba, ko na Juma'a?

Na uku, kun san da wa kuke ciniki. A ƙofar masallatan Zongo kuke raba takardunku, a wayoyinmu kuke turo talla da Hausa. Kun san mu mutanen tayi ne da sallamawa, kun san dattijo zai juya baya yana jiran a kira shi. Kuka kawo mana kasuwar da kaya ke hawa in an jira, ba ku ce mana uffan ba. Tallar kun fassara ta, sharuɗɗan kuka bar su da Faransanci.

Na huɗu, a ofishinku an ce min ai ba komai, in hau da ita saman jirgi ta kalli ruwa. Zan hau da ita in Allah ya yarda. Amma wanda ya faɗi haka bai san matar da gwiwa ba ta barinta tsayuwar minti goma ba, wadda iska da hasken rana ke sa idonta zubar ruwa har ta rufe shi. Abin da take so shi ne ta idar da sallar asuba, ta zauna a inda take, gari ya waye mata a kan ruwan.

Buƙatuna ba su da yawa. A karɓi cikon dubu hamsin a mayar da mu ɗaki mai taga tun suna nan, domin saura kwana goma sha tara mu tashi, kuma na riga na ga yadda suke ɓacewa. In kamfanin jirgin ne ya hana, kai ka yi musu magana, kai ka san yarensu, kai ka karɓi kuɗina. Ko da ƙarin tara ne a faɗa min, zan sayar da abin da zan sayar, wannan karon ba zan taya ba. Sannan a riƙa gaya wa kowa da baki, da Hausa ko Mosanci, cewa kuɗin yau ba na gobe ba ne, a kuma karɓi kafin alƙalami a hannun wanda ya miƙo. 'Yan uwana na Zongo da ke karantawa, ku ma ku ji, wannan kasuwa ba a juya mata baya.

Ina roƙon Allah ya yi wa kasuwancinka albarka, ya tsare maka idanunka da na iyalinka, ya sa kada ka taɓa tsayawa inda nake tsaye.

Domin har yau ban gaya wa Hajiya ba. Duk matan layinmu sun san za ta ga Bahar Maliya daga ɗakinta, har masu ba ta saƙon addu'a ake samu. Yau da safe tana miƙo min koko ta tambaye ni ko tagar gabas take kallo ko yamma, don ta san ko fitowar rana za ta samu. Na ce mata zan tambayi ofishinku. To, ranka ya daɗe, ga shi na tambaya. Me zan ce mata?

Wassalam.

Naka cikin jiran amsa,
Alhaji Ɗanjuma mai shadda,
Zongo, Wagadugu.