Garayar Tanko

Zuwa ga Yaya Audu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya? Yaya iyali, yaya sanyin Jos da aikin kuza? Mu nan Gwarzo lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Ƙanenmu Tanko ya fito daga gidan yarin hukumar En'e, ya dawo Kirista. Wani akawu da aka ɗaure su tare ya koya masa waƙoƙin Yesu, shi kuwa ya haɗa garaya da tsohuwar ƙwarya yana rerawa. Wai har gandurobobi kan tsaya su saurara. Giya da faɗa duk sun fita ransa. Abin da bulalar Baba ta kasa, kurkuku ya yi.

To, a Lakwaya, inda ya saba kiɗan garaya, an daina kiransa biki, don ya ƙi kaɗa wa 'yan bori. Ya taka har Kabo wurin 'yan mishan. Baturiyar da ke wurin ta yi masa maraba, amma ta ce a bar garayar a waje, kayan bori ce. Ya ce, "Uwargida, ai tare muka tuba." Ba ta yi dariya ba.

Yanzu yana zaurena, garaya a rataye. Jiya ya ce, "Yaya, kai da ka yi karatu, ana mai da mutum gidan yari ba laifi?" Ni ma ban yi dariya ba. Tsorona kada ya nemo laifin da kansa.

Ka sa shi a addu'a. A gaida uwargida da yara.

Ƙanenka,
Garba