Sadiku Bai San Hura Murhu Ba

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya ƙafar Malam?

Yau na kai autana Sadiku asibiti saboda kukan da ƙirjinsa ke yi. Likita ta ba shi bututu ya hura, na'ura ta auna ƙarfin huhunsa, ya kasa. Na ce, "Hura kamar murhu mana!" Ya tsaya kallona, shi gas ya tashi ya gani. Sai na tuna mu a Zungur muna hura wa Inna ɗanyen itace, ɗan'uwanmu marigayi Audu na gefe yana tari, ba wanda ya taɓa auna shi.

Daga baya ya hura. Ciwon asma ne, an ba shi maganin shaƙa. Ina ta tunanin ko na makara.

Ki sa shi a addu'a, ki gaida mutan gida.

Ƙanenki,
Bala