Keken Mai Gyaran Agogo

'Yata Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Na ji labarin hatsarin motar, na ji kuma an ce ƙafafun sai haƙuri. Babanki da marigayi maigidana aminai ne tun suna yara, shi ya sa ban yi shawara da kowa ba na aiko miki da kekensa na guragu mai batir. Shekara tara a kansa yake zuwa shagon gyaran agogonsa, ruwa ko rana.

Ga abin da na ga yana yi. Da hadari ya haɗu sai ya rufe 'yar sandar tuƙin da leda, ya ɗaure da roba, don ruwa ne ajalinta. Ba ya shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba. Ba ya ajiye keken a rana, wai batir ma yana jin zafi kamar mutum. Kada a wanke shi da bokiti, jiƙaƙƙen tsumma ya isa. Matashin kujerar ya lotsa ta hagu, haka yake zama. Na kasa canja shi.

Ki gai da mutanen gida.
Mamanki.

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba maigidanki, ya saka miki da alheri. Keke ya iso lafiya, amma ba zan ɓoye miki ba, yana ɗaki na lulluɓe shi da zane.

Ranar Talata na gwada zuwa makaranta. Ruwa ya ɗauke, na bi gefen titi don gudun motoci. Daf da ƙofar makarantar tayoyin suka nutse a laka. Na ƙara wuta, suka ƙara nutsewa. Sai da maza huɗu suka ɗaga ni, 'yan ajina suna leƙe ta taga. Hedimasta ya ce, cikin ladabi dai, in ban dawo ranar Litinin ba zai ba wani malami ajina. Ina ganin in bar musu kawai. Baba jarumi ne, ni ba haka nake ba.

Na gode ƙwarai. A huta lafiya.
'Yarki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Wai jarumi! Wallahi sai da na yi dariya, rabona da ita tun rasuwarsa. Mutumin da a daminarsa ta farko ya kafe a gaban shagon aski, ya dawo da laka har kunne, ya yi kwana goma ko sallama da ƙyar yake amsawa?

Ran na sha ɗaya aka yi ruwa, ya ce, "Ke, ara mini ƙafafunki." Na bi hanyar shagon da ƙafa, na dawo ina faɗa masa inda takalmina ya nutse da inda bai nutse ba, yana zanawa a bayan kalanda kamar yana haɗa agogo. Sau uku muka yi haka. A ƙarshe ya bar gajeriyar hanya, ya riƙa zagayawa ta kwalta, minti ashirin maimakon biyar. Na ce ya cika taurin kai, ya ce, "Da ban da shi ai da ban aure ki ba."

Ki ari ƙafafun mahaifiyarki. Ƙasar da ta yi sumul tana sheƙi ita ce mayaudariya. In kin kafe ki saki sandar, ki ja da baya a hankali. Yaran nan kuma da kike jin kunya, ke suke jira.

Allah ya yi miki albarka.
Mamanki.

*

'Yata,

Gaisuwa. Ba ki amsa ba, sai na kasa zama. Ranar Litinin na hau mota, na tsaya ƙarƙashin rumfar wani shago da ke kallon makarantarku. Ana yayyafi. Ƙararrawa ta kaɗa ba ki zo ba, har na fara buɗe lemata zan tafi.

Sai na ji ƙarar keken nan, 'yar siririya, tun kafin in gan ki. Kin ɓullo ta kwalta, kin haura gangarar ƙofa kanki a miƙe, yara suka dare suka ba ki hanya. Ki yafe mini da ban ƙaraso ba, fuskata ba ta gaisawa ba ce ranar.

Abu ɗaya: kin cika gudu a kwana. Ki rage.

Sai wata rana.
Mamanki.