Fasto Ya Koma Kujerar Baya

Mama,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Yaya ƙafar taki? Baba yana shan maganinsa kuwa, ko sai an yi ta fama da shi?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Albishirinki, an ba ni shugabancin zumuntar ɗalibai ta makarantarmu. Faston da ke kula da mu ya miƙa min makullin ajin da muke taruwa, ya koma kujerar baya. Wai aikin namu ne, shi ɗan kallo ne.

Ranar farko wani ya yi min tambaya a kan wahalar Ayuba, kaina ya ɗaure. Na dubi Fasto ya cece ni, bawan Allahn nan ya sunkuya yana kallon takalminsa! Dole na ce ban sani ba, mu bincika tare. Da aka tashi ya ce, "Kin yi daidai." Ni kuwa kamar in shaƙe shi.

Yanzu duk mai damuwa ni yake nema, ina kuma yi musu addu'a da zuciya ɗaya. Sai dai in sun watse, na tattara kujeru na kulle ƙofa, babu mai cewa, "Ke fa, yaya kike?" Ba ƙorafi nake yi ba.

In za ki amsa, don Allah kada ki ce min shugaba. Ki kira ni Auta. Tun zuwana ba wanda ya kira ni haka.

Ubangiji ya tsare min ku.

Autarki